Makon lacca da wasan kwaikwayo a jami'a: na 'yan boko ne kaɗai ko har da 'yan gari?

Auta: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shugaba, a yi mini izini in saka sanarwa. Mako mai zuwa makarantarmu za ta yi taro na kwana uku, kuma an ce ƙofa a buɗe take ga mutanen gari, ba kuɗin shiga, ba sai da katin ɗalibi ba. Talata da ƙarfe goma na safe akwai lacca a babban ɗakin taro, wani farfesa masanin duwatsu da ma'adinai zai zo daga wata jami'a ya yi magana a kan man fetur ɗin da aka gano a Kolmani, kan iyakar Alkaleri ta jihar Bauchi da Akko ta jihar Gombe. Laraba da yamma mu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo za mu hau dandamali, wasan a kan 'yan sara-suka ne, mu muka rubuta abinmu. Nunin zane-zane da tukwane da rini kuwa tun Talata za a buɗe shi har Alhamis. Don Allah duk mai hali ya zo. Bara kujeru muka yi wa wasa.

Shugaba: Wa alaikumus salam. An yi izini. Amma a kiyaye, kada don an ambaci sara-suka a mai da mana zaure filin siyasa.

Injiniya: Akwai abinci?

Auta: Kai Yaya Injiniya! Ruwan leda ne kawai, sai ilimi.

Injiniya: Ilimin ai mun sha shi mun ƙoshi, ga mu nan a rumfar POS muna lissafin canji. Auta, bari in gaya maka yadda laccar nan za ta kasance tun ba a yi ba. An ce goma, sai sha biyu saura za a fara, domin babban baƙo bai iso ba. In ya iso, mai gabatarwa zai kwashe rabin awa yana jera sarautu da muƙamai. Wani zai tashi ya karanta tarihin farfesa tun daga firamare. Shi kuma farfesa ya duƙa kan takarda yana karantawa da Turancin da ko mu da muka yi digiri sai mun kasa kunne sosai. A karɓi tambaya uku, biyu daga ciki jawabi ne ba tambaya ba. A ɗauki hoto, manya su wuce cin abinci. Ɗaliban da suka cika ɗakin kuwa an ce musu ne za a ɗauki sunan wanda ya zo. In na yi ƙarya wani ya ƙaryata ni.

'Yar Gombe: Ba ka yi ƙarya ba, amma ka manta da lasifikar da za ta riƙa ƙara tana yankewa.

Uwar Biyu: Ni tambayata daban ce. Da wane yare za a yi?

Auta: Laccar da Turanci ce Anti. Wasan kuma Hausa ce zalla, sai ɗan Turancin da ɗan siyasar cikin wasan yake yaɓawa.

Uwar Biyu: To ka ji. An ce mutanen gari su zo, kuma za a yi musu magana da yaren da ba sa ji. Su zo su yi kallon rigar farfesa ke nan?

Baba Malam: Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a zauren nan ba, amma yau an taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Injiniya ɗana, abin da ka faɗa na gan shi da idona ba sau ɗaya ba, ba zan musa maka ba. Sai dai ka sani lacca da muhawara ba baƙi ba ne a garin nan, kuma ba haka aka faro su ba. A farkon shekarun 1940, tun babu jami'a ko ɗaya a duk Arewa, an yi Majalisar Taɗi a nan Bauchi. Malam Sa'adu Zungur yana ciki, Malam Aminu Kano yana ciki lokacin yana koyarwa a Midil ta Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ciki. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki su zauna wuri ɗaya, a ajiye magana a tsakiya, kowa ya ja. Kuma ba maganar a yi tafi a tashi ba ce. Sun taɓa tsarin mulkin da Bature yake yi ta hannun sarakuna, har aka kai ga tambayar me ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi. Da abin ya yi zafi hukuma ta ga ba za ta iya ba, majalisar ta mutu. Amma mutanen da suka goge a wurin su ne suka zo suka riƙe siyasar Arewa, ɗaya ya zama Firayim Minista, ɗaya ya ja jam'iyyar NEPU.

Abin da nake so ku lura da shi, wancan zama an rufe shi ne saboda ana jin tsoron abin da ake faɗa a cikinsa. Na yanzu ba wanda zai rufe, domin ba wanda yake jin tsoronsa. Ba laifin lacca ba ne. Laifin yadda muka mai da ita biki ne.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. To ai maganata ke nan Baba, ka dai fi ni iya faɗa.

Baba Malam: A'a, ba maganarka ba ce. Kai cewa ka yi kada a je. Ni cewa nake a je a ɗaga hannu a yi tambayar da za ta sa farfesa ya cire tabarau.

'Yar Gombe: Ni fa zan zo, ko don in ji a bakin masani a ƙasar wa rijiyar take. Kun daɗe kuna cewa man Bauchi, man Bauchi.

Injiniya: Hajiya, ke da jiharki gaba ɗaya a cikin Bauchi kuke har 1996. Ɗa ne zai yi wa uba gorin gona?

'Yar Gombe: Ɗan ya girma ya yi gidansa tun 1 ga Oktoban wannan shekarar, kuma Akko tamu ce. Ku riƙe Alkaleri.

Shugaba: Na ce a kiyaye.

Ɗan Bogoro: Shugaba wasa suke, bar su. Amma maganar Anti Uwar Biyu ita ce ba ta wasa ba, kada ta bi ruwa. Kamfanin NNPC ya sanar da samun mai a Kolmani a 2019, Shugaba Buhari ya zo da kansa a watan Nuwamba na 2022 ya ƙaddamar da aikin, aka yi ta murna. Tun daga ranar, mutumin da gonarsa take kusa da wurin wa ya zaunar da shi ya yi masa bayani? Akwai abubuwa biyu da mutane suke cakuɗawa. Na farko kashi 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ba jihar da ake haƙo arziki a ƙasarta, wannan gwamnatin jiha ake ba, kuma sai an fara haƙowa ana sayarwa. Na biyu dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfanin da ke aikin zai riƙa ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aikinsa a shekarar da ta wuce, a zuba a asusun al'ummomin da ake aikin a ƙasarsu. Wannan na ƙauyukan ne. Waɗanne ƙauyuka za a lissafa a ciki? Wa zai zauna a kwamitin asusun? In mai ya malala a gona ko ya shiga rafi, wa za a kama? Mun ga yadda malalar mai ta lalata ƙasar Ogoni a Neja-Delta. Wanda ya fi kowa buƙatar jin wannan laccar yana Alkaleri da Akko, kuma yawancinsu Hausa da Fulatanci suke ji. In aka yi ta da Turanci a cikin ɗaki mai fanka, an yi ta ne don farfesa ya ƙara layi ɗaya a takardar tarihin aikinsa.

Auta: Yaya, ba mu muka tsara laccar ba fa, mu wasa kawai aka ba mu. Kuma a jami'a akwai ɗalibai daga ko'ina, akwai Ibo akwai Yarabawa akwai Tibi. In aka yi da Hausa su ma za su ce an ware su.

Ɗan Bogoro: Ni ma ai Hausa ba ita ce yaren gidanmu ba ƙanena, Basayi ne ni. Amma a coci da Hausa muke wa'azi, a kasuwar Muda Lawal da ita muke ciniki. Ban ce a jefar da Turanci ba. A yi awa ɗaya da Turanci, a sami malami ɗaya ya tashi ya taƙaita da Hausa, a bar mai tambaya ya yi da yaren da ya iya. A kira gidan rediyo su ɗauka su saka da dare. Nawa wannan zai ci?

Injiniya: Zai ci girman kai, shi ne mai tsada.

Mai Atamfa: Salam 'yan uwa, sababbin atamfofi da leshi sun iso, mai so ya yi mini magana ta gefe.

Shugaba: Hajiya ranar Asabar ce ranar talla. Na goge hotunan.

Ustazu: Assalamu alaikum. Maganar lacca ba ni da ja a kanta, neman sani ne, kuma ina goyon bayan a fassara. Inda nake da magana shi ne sauran biyun. Auta, wasan nan maza da mata ne a kan dandamali ɗaya? Akwai kiɗa da rawa? Sannan nunin zanen, me aka zana? Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu sura suna nan cikin Bukhari da Muslim, ba ni na ƙirƙiro su ba. Ba ina neman rigima ba ne, amma ana gayyatar iyaye su kawo 'ya'yansu, ya kamata a san abin da za a tarar.

Auta: Malam, akwai mata uku a wasan, uwa da ƙanwa da wata mai sayar da masa. Duk da hijabinsu, ba mai taɓa wani. Kiɗa akwai kalangu a fitowar gangamin siyasa, don ba a yin gangami a garin nan ba kiɗa, in muka cire ƙarya muka yi.

Ustazu: To ka ga ni nan ne nake tsayawa. Kuma abin da yake damuna ba wannan wasan ɗaya ba ne. Daga nan ake farawa, gobe yarinya ta ce ita fim za ta shiga. Kun tuna 2016 da gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano, malamai da jama'a suka ce ba sa so, aka fasa. Ba don jahilci suka ƙi ba, sun ga abin da suka gani.

Baba Malam: Malam Ustazu, Allah ya ƙara sani. Ni ba malamin addini ba ne, alli na riƙe har na yi ritaya, saboda haka hukunci na bar muku. Tarihi kawai zan tuna maka. Kwaikwayo ba jami'a ce ta kawo mana shi ba. Tashe da yara suke yi daga goma ga azumi mene ne? Yaro ya sa gemun auduga ya tanƙware ya zama tsoho, a yi dariya, a ba shi hatsi, amma an isar da saƙo. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai, wasan gauta matan fada suke yi su kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansa, ya ga kansa ya gyara. Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasanni ya sa ɗalibai suka yi, da su ya riƙa sukar zalunci tun kafin ya shiga siyasa. Littafin Shaihu Umar da Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar 1933, an mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, kuma labarin malami ne mai tsoron Allah. Kai ko Islamiyyarku, ranar saukar Alƙur'ani ba na ga yara suna yin tamsiliyya ba?

Ustazu: Suna yi Baba, amma maza daban mata daban, kuma ba kalangu.

Baba Malam: To ashe ba kwaikwayon ne matsalar ba, tsarin ne. Wannan kuwa ana iya zama a yi magana a kansa.

Ustazu: Na yarda da wannan rabin. Rabin na biyu ina nan a kan bakana.

Mai Tukwane: Assalamu alaikum. Auta ne ya sa aka shigo da ni zauren yanzu, ya ce ana maganar nuninmu. Ina ajin ƙarshe, ɓangaren tukwane da tangaran nake. Malam, bari in faɗa maka abin da ke cikin ɗakin, sai ka yi hukunci da kanka. Akwai zanen fuskokin mutane, ba zan ɓoye ba, wasu 'yan ajinmu sun yi, har da mutum-mutumi guda biyu. Waɗannan suna ɓangare ɗaya. Amma fiye da rabin kayan ba mai rai a ciki. Akwai wanda ya yi aikinsa gaba ɗaya a kan zayyanar allo, irin wadda ake yi wa mai sauka, ya je wurin alarammomi ya koyi yadda suke haɗa tawada da launi. Akwai mai aikin rini da shuni. Akwai wadda ta bi zanen aska takwas na babbar riga da dagi ta fitar da su a kan tayil. Akwai masu zanen gini da suka je Kafin Madaki ta ƙaramar hukumar Ganjuwa suka auno gidan Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, shi ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956 gwamnati ta sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa, amma 'yan Bauchi nawa ne suka taɓa zuwa Ganjuwa suka gan shi? Sun yi ƙaramin samfurinsa da laka don a ga yadda aka ɗaure bakan gizon rufin da azara ba ƙarfe ba siminti.

Ni kuma nawa aikin kofuna ne da farantai da tukunyar tace ruwa. Farar ƙasar daga Alkaleri na samo ta. Na jiƙa, na tace, na cuɗa, na ɗora a kan faifan juyi, na bar su suka sha iska, na gasa sau biyu, na farko don su yi ƙarfi, na biyu bayan na shafa musu ruwan ƙyalli. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun fashe a wuta, don murhunmu ba ya riƙe zafi daidai. Waɗanda suka tsira su za ku gani.

Injiniya: Tsaya ƙanwata. Farar ƙasar Alkaleri da ake lodawa a tirela ana fita da ita, ita kika yi kofi da ita?

Mai Tukwane: Ita fa Yaya. Da irinta ake tangaran da tayil, tana shiga fenti da takarda. Mu muna sayar da ita a buhu da araha, a dawo mana da ita a kwali da tsada.

Injiniya: To wannan zan zo in gani. Tukunyar tace ruwan nan, me kika sa a ciki?

Mai Tukwane: Laka ce ake cuɗawa da garin katako mai laushi. In aka gasa, garin ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ciki, dauɗa ta tsaya. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, ana yi a ƙasashe da yawa. Abin da na gwada shi ne ko lakarmu ta nan za ta yi.

Injiniya: Ta yi?

Mai Tukwane: Ruwan yana fita garau. Ko ya kashe ƙwayoyin cuta sai an kai ɗakin gwaji, kuma kuɗin gwajin ne ban da shi.

Uwar Biyu: Allah ya yi miki albarka 'yata. Kin ga irin wannan ai shi ya kamata a rubuta a sanarwar, ba a ce mana "nunin zane-zane" kawai ba. Ni da na ji zane na ɗauka hotunan da ake rataye wa a otal ne.

Ustazu: Malama, na gode da kika faɗi gaskiya ba ki rufe ba. Zayyana da gini da tukwane ba wanda ya ce komai a kansu. Mutum-mutumin ne ba zan tsaya a gabansa ba, kuma ina yi wa masu yin sa nasiha su tambayi malamansu. In ɓangarensa daban ne kamar yadda kika ce, zan iya shiga in ga sauran.

Ɗan Bogoro: Malam, in ka je Geji a ƙasar Toro, ko Shira, akwai zanen shanu da namun daji a jikin duwatsu tun zamanin da ba wanda ya san masu yin sa. Su ma a rufe ido?

Ustazu: Wannan tarihi ne Yallaɓai, an riga an yi, kallonsa don a san yadda mutanen dauri suka rayu daban ne da in ɗauki guduma yau in sassaƙa mutum. Kuma ni Musulmi nake yi wa magana, ban ɗora maka ba.

Ɗan Bogoro: Na gane. Ba komai Malam.

Kawu Direba: Ina wuninku. Na buɗe waya na tarar da saƙo fiye da ɗari. A taƙaice me ake ciki, wa ya rasu?

'Yar Gombe: Ba wanda ya rasu Kawu, jami'a za mu je kallon wasa, kai za ka kai mu.

Kawu Direba: In za a sa mai ba matsala.

Uwar Biyu: Auta, dawo kan wasan. Ni abin da ya sa na damu, unguwarmu ba ta kwana lafiya in zaɓe ya matso. Yaran nan da ake kira sara-suka ba daga sama suka faɗo ba, mun san iyayensu, wasu mun goya su. Me kuka ce a kansu? In dai fito da su za ku yi kuna zagi a yi dariya a watse, gara ku bari.

Auta: Anti ba haka ba ne. Labarin yaro ne da ya gama sakandare, sakamakonsa ya yi kyau, ba kuɗin ci gaba. Yana zaman majalisa, wani mai neman kujera ya fara aiko musu da kuɗin shayi, daga nan sai ƙwaya, daga nan sai adda. An ci zaɓe, mai gida ya canza lamba. Ba mu nuna sara a dandamali ba ko sau ɗaya, duk a bayan labule ake yi, uwar ce kawai ake gani tana jiran ƙarar buɗe ƙofa. Kuma ba mu rufe labarin ba. A fitowa ta ƙarshe yaron yana tsaye, an sake aiko masa da kuɗi don zaɓe na gaba, sai mu tsayar da wasan mu tambayi 'yan kallo: ya karɓa ko kada ya karɓa, in bai karɓa ba me zai ci? Duk wanda ya ba da shawara sai mu ce ya hau ya gwada ta da ɗan wasan.

Baba Malam: Wannan salon na san shi. 'Yan ABU Zariya ne suka yi suna da shi tun bayan da aka fara koyar da wasan kwaikwayo a can a 1975. Har gidan wasa na ginin ƙasa suka yi a Samaru. Ba su tsaya jiran mutane su zo ba, su suka riƙa fita ƙauyuka, su zauna da manoma su ji damuwarsu, a haɗa wasan tare da su, a yi shi a dandalin gari. To ku me ya hana ku? Yaran da kuke magana a kansu ba za su taɓa shiga ƙofar jami'a ba, mai gadi ma ba zai bar su ba.

'Yar Gombe: Wallahi ku kawo shi Gombe, ku canza suna kawai ku ce Kalare. Labarin ɗaya ne, ko waƙafi ba sai kun taɓa ba.

Auta: Baba muna so, amma akwai tsoro. Ko a cikin makaranta an kira mu an ce mu cire fitowar da ɗan siyasa yake raba kuɗi a bayan mota, wai kada wani babban baƙo ya ɗauka da shi ake. Ba mu sa sunan kowa ba, ba mu sa launin wata jam'iyya ba, hular ma fara muka sa masa.

Injiniya: In ka cire wannan fitowar me ya rage? Yaro ya tashi da safe haka kawai ya ɗauki adda?

Ustazu: A nan kam ina tare da ku. In za a faɗi laifin yaro a ɓoye na wanda ya ba shi makami, an yi zalunci. Ko a mumbari haka muke faɗa.

Injiniya: Jama'a a rubuta, yau Ustazu ya goyi bayan 'yan dirama.

Ustazu: Gaskiya na goya wa baya. Kalangun yana nan yadda na ce.

Shugaba: Auta, shawara nake ba ka a matsayin wanda ya girme ka. Kana ajin ƙarshe, kada ka je ka yi taurin kai a riƙe maka sakamako a kan wasa. Ku je wurin malamin da yake kula da ƙungiyarku, ku nuna masa rubutun, shi ya shiga gaba. In an ce a sassauta, a sassauta a ciki, cikakken ku kawo shi gari. Makarantar su Baba ta da tana da fili.

Baba Malam: Filin yana nan, kuma shugaban makarantar ɗalibina ne. Amma ni ban ce su sassauta ba. A ce wai kada babban baƙo ya ji haushi, to in bai yi ba me zai ba shi haushi?

Shugaba: Baba kai ka yi ritaya, shi yaro bai karɓi takardarsa ba.

Baba Malam: Haka ne kuma.

Uwar Biyu: Sai maganar lokaci. In "da yamma" ɗin nan yana nufin a fara biyar a tashi bayan isha'i, ba uwar da za ta bar 'yarta, ni ma ba zan zo ba. Keke Napep yana wuya in duhu ya yi, kuma kuɗin ya ninka.

Auta: Na dawo, na je na sami malaminmu da sakataren kwamitin, na karanta musu wasu saƙonninku ban faɗi sunan kowa ba. Ga abin da aka samu. Laccar da Turanci za a yi, amma wani malami ɗan Misau ya yarda zai taƙaita da Hausa bayan an gama, kuma an ce mai tambaya ya yi da Hausa in ya so. Rediyo sun ce ba kuɗin kira, sai dai mu ɗauka da waya. Wasa za a fara da an idar da la'asar, a tashi kafin magariba, kuma gefen dama na mata ne. Maganar fitowar raba kuɗi ba a gama ba, malam ya ce zai kalli gwajinmu na ranar Litinin kafin ya ce wani abu.

Ɗan Bogoro: Madalla. Ni zan ɗauki laccar, ina da abin ɗora waya. In na tura muku ku watsa wa 'yan Alkaleri da kuka sani. Tambayar asusun kashi 3 kuma ni zan yi ta, kada wani ya riga ni.

'Yar Gombe: Ni zan taso da sassafe in Allah ya yarda, in hanyar Alkaleri ta bar ni in iso kafin a gama jera sarautu. Anti Uwar Biyu a tanadar mini masa, ta Bauchi ce kaɗai abin da na yarda kun fi mu.

Uwar Biyu: Da miyar taushe ko da ƙuli?

'Yar Gombe: Duka biyun.

Mai Tukwane: Don Allah kafin a watse, akwai mai a-kori-kura a zauren nan? Manyan randuna biyu na aikina suna wurin masu gashi a bayan gari, Keke ba zai ɗauka ba, kuma dole su shiga ɗakin nuni ranar Litinin kafin azahar.

Kawu Direba: Tawa bas ce, amma in aka cire kujerar baya za su shiga. Ki nemo tsohuwar katifa ko buhun ƙaiƙayi a shimfiɗa, hanyar can duk ramuka ce. In sun fashe ba ruwana.